Minti Nawa Za Mu Sa?

A Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, dattawa ba su taɓa sa wa dara agogo ba. Ladan ne ke tashin wasa. Samarin yanzu kuwa shataranji suke bugawa a waya, a Lichess ko Chess.com, kuma kafin a taɓa soja ɗaya sai an sha gardamar minti nawa za a sa.

Ɗan minti ɗaya yatsansa ne ke masa tunani. Ya ba da waziri kyauta, agogo ya cece shi, ya ce maka tarko ya ɗana. Ɗan minti uku da ƙarin daƙiƙa biyu raina shi yake yi, wai shi mai nazari ne. Sai mai kuka da layi: in ya ci, basira ce, in an ci shi, intanet ce ta ɗauke. Mu 'yan minti goma ba ma shiga wannan hayaniya, don mun riga mun san mu ne masu hankali.

Gwanina dai shi ne dattijon da jikansa ya koya wa wasa, ya zaɓi kwana uku a kowane motsi. Abokin karawarsa wani bawan Allah ne a Indiya. Ya tura doki ranar Talata, ya tafi hawasha, wato gonarsa, ban ruwa. Ya dawo ya miƙe a gadon angarib, ya duba allo, ya yi gyaran murya, ya kife waya. Laraba ya kai maganar majalisa, a sha jabana, wato gahawa, a kanta, har mai shayi ta ce da ita ce giwa za ta fitar. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya mayar da dokin inda ya fito. In ka ce, "Kawu, wai yaushe za a ƙare?" sai ya dube ka da tausayi: "Ɗana, kakanninmu da ƙafa suka taho daga Sakkwato. Wa ya sa musu agogo?" Wasan da aka fara da shukar dawa, an yi girbi an sussuka, sarakunan biyu ko gaisawa ba su yi ba.

Wanda ba na yafe wa shi ne mai zaman makoki. Ka ƙure sarkinsa, saura motsi ɗaya, yana da minti bakwai a agogo. Ba zai sallama ba, ba zai motsa ba, sai ya ajiye wayar ya tafi cin tuwo. Kai kuma ga ka zuru, cajin da ka biya wurin mai sola yana zuba, datar da ka saya tana ƙonewa, ba damar tashi kada ya dawo ya yi motsi a daƙiƙar ƙarshe. Wannan rashin tarbiyya ne. Lichess takan dakatar da irinsu na ɗan lokaci, amma hukuncin ya yi sauƙi. Ni da za a ba ni wuƙa da nama, a hana shi inuwar rakuba, wato rumfa, har a cire auduga, kuma kuɗin cajina ya biya.