Ƙanƙarar rafin Buffalo

Bakina ne ya ja mini. Maƙwabcina a nan Greensboro wani tsohon Bature ne da ya yi ritaya, kullum da la'asar yana bayan gida, fata a cinya, ƙahon barewa a hannu, yana ɓantarar dutse har ya zama kan kibiya. Rannan na leƙa ta shinge na ce ai wannan gadonmu ne a Nijar: kakana a Maraɗi da ƙyastu yake kunna lofe, kuma a hamadar Tenere ana tsintar irin waɗannan kibau cikin rairayi. Duk gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba, ni ban taɓa fasa komai ba sai goro.

Tsoho ya ji daɗi, ya ara mini ƙaho, ya kuma koya mini gane dutsen kirki. Ka ƙwanƙwasa shi: in ya ce ƙil kamar ƙararrawa, lafiyayye ne; in ya ce dum, akwai tsaga a cikinsa. Ya zama mai santsi, ya riƙa ɓantarewa da lanƙwasa kamar gindin kwalba. In kana shakka, ka jiƙa shi da yawu, ƙwayarsa za ta bayyana.

Na shiga gida na ce wa uwargida zan fita neman ƙanƙara. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Maigida, tana cikin firji."

Ashe yankin nan ba shi da dutsen ƙanƙara irin na kakana. Jar laka ce ko'ina, sai wani farin dutse mai ƙyalli da Turawa ke kira kwaz. Na ciko bokiti da shi. Bugun farko ya watse kamar sukari mai iyali, na biyu ya tafi da fatar babban yatsana. Kwana uku ina alwala da filasta.

Tsoho ya ce dutsen gaske na tsaunukan Uwhari ne, kudu da mu, wani mai duhu da aman wuta ya haifar, sunansa rayolait. Mutanen asalin ƙasar nan sun fi shekara 10,000 suna fasa shi a kan tsaunin Morrow, kusa da garin Albemarle, kuma ba nisa daga tsaunin wajen Hardaway yake, inda masani Joffre Coe ya tono tsofaffin kawunan mashi. Ran Asabar na kwashi iyali da buhunan shinkafa biyu wayam, muka yi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi.

Wallahi ban taɓa ganin arziki a zube haka ba. Kan tsaunin nan duk ɓaraguzan da mutanen dauri suka bari ne, kana takawa suna ƙara kamar fasassun tangaran. Na durƙusa, na buɗe buhu, har na yi bisimilla, sai babbar 'yata, wadda makaranta ta cika wa kai da doka, ta ce, "Baba, nan gandun gwamnati ne, ko tsakuwa ɗaya haramun ce a ɗauka." Ta faɗe shi da Hausa, ta maimaita da Turanci, da ƙarfi, don kowa ya shaida. Muka ci dambun da aka yi guzuri, muka dawo da buhuna yadda suka je.

Bayan mako guda aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na gangara rafin Buffalo da ke ratsa gari. A nan na gan shi, rabi a cikin laka, fari sol, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Na ƙwanƙwasa: ƙil! Na shafa: santsi. Don in cika sharaɗi, na goge shi da riga na lasa. Sau biyu ma, saboda na farko ban tabbatar ba. Zuciyata har ta fara raya mini gatarin aradu da kakata ke ɓoyewa cikin ƙwarya.

Kuma dutsen nan ya yi biyayya. Duk inda ƙaho ya taɓa, ɓallewa yake siriri, a lanƙwashe. Kafin magariba na fitar da abin da mai kirki zai kira kan kibiya, mai tsaurin ido ya ce haƙorin jaki. Uwargida ta sa shi a kabad, tsakiyar kwanukan aurenta. Ran Juma'a bayan masallaci na ba 'yan Nijar labari, har wani mutumin Damagaram ya ce in nemo masa.

Sannan na kai wa tsoho ragowar. Ya juya shi, ya shafa gefen mai sheƙi, ya zura ɗan yatsa cikin wani rami kewayayye da ni na ɗauka aikin ruwa ne. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce ramin ƙusa ne, kuma abin da na tsinto murfi ne ko gindin masai na tangaran. Wai kada in damu, masu koyo da yawa da shi suke farawa, har suna suka raɗa masa, dutsen banɗaki.

Uwargida tana tsaye a bakin shinge, ta ji komai. Ta shiga, ta fito da kibiyata a bakin tsintsiya, ta ajiye a gabana.

"Maigida, da me ka ce ka gwada shi?"

Tun ranar kofina daban yake, an ɗaura masa jan zare.