Talotalo a Waƙar Amarya

Sana'ata haɗa kiɗa. Ina da ɗan situdiyo a wani lungu kusa da titin Gidan Zoo a Kano, tsakanin shagon tela da na mai cajin waya, kuma abin da ya fi kawo mini na cefane shi ne waƙar biki: a kawo sunan amarya da na ango da na dangi, mu sa mawaƙi ya jera su a kan kiɗa, a sallame mu. Kayan aikina fiyano Yamaha ɗaya, makirufo ɗaya, da kwamfutar da ta girmi 'yata ta fari. A cikinta akwai FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, sai dai ni ba daga Beljiyam na samo tawa ba. Wani bawan Allah ne ya zuba mini ita a kasuwa, ya ƙara mini da gyara: bairos iri-iri.

Ranar da kwamfutar ta buɗe tallan caca a gaban wani sha'iri da ya zo ɗaukar bege, na kira ɗan yayata. Karatun kwamfuta yake yi a jami'a, ya zo hutu, kuma tun da ya shiga aji biyu ya daina amsa tambaya da eh ko a'a.

"Kawu, wannan ai ta wuce gyara. Linux za mu sa mata."

Ya ba ni tarihi ban tambaye shi ba. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya faro ta a 1991, mutanen duniya suka taru suna ta gini a kai, kowa na iya duba cikinta ya gyara. Akwai ma wadda aka dafa musamman don masu kiɗa da fim, Ubuntu Studio, tun 2007. Duk wannan ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, sai da ya ce ba a biyan ko sisi, kuma ba sata ba ce. Nan na gyara zama. Na manta cewa araha ba ta ado.

Ana cikin zuba ta sai ga wata Hajiya, uwar amarya, da takarda biyu cike da sunaye. Kamu ranar Juma'a. Sharaɗinta biyu ne: a sa kalangu a ciki, kuma muryar ta fito irin ta fim. Na ce, "Ranki ya daɗe, an gama." Na karɓi kafin alƙalami, na ma taɓa shi kafin la'asar.

Kwamfutar ta tashi fes, babu talla babu nauyi. Yaron ya buɗe mini Ardour, manhajar ɗaukar sauti, na danna fiyano. Alamar sauti tana hawa tana sauka a allo, kore shar, amma lasifika ta yi gum.

"Sautin yana nan, Kawu. Ba mu gaya masa inda za shi ba ne."

A nan na san JACK. Wani Paul Davis ne ya ƙirƙiro shi, shi ne kuma mai Ardour ɗin, mutumin da yana cikin ma'aikatan farko-farko na kamfanin Amazon kafin ya koma harkar sauti. Tsarinsa shi ne kowace manhaja tana da bakin shiga da bakin fita, kai za ka ja layi da linzamin kwamfuta ka jona wannan da wancan. Gaskiya tunani ne mai kyau, don kana iya ɗauko kiɗa daga wata manhaja ka zuba a wata ba tare da ka sayi waya ko guda ba. Matsalar ita ce ba ya musu da kai. Duk abin da ka jona, ya jonu. Yaron ya ja layi daga makirufo ya kai shi lasifika kai tsaye, ga makirufon yana fuskantar lasifikar, ga ƙara a ƙure. Ihun da ya fito daga ɗakin nan ya sa tela ya ɗinke hannun riga da wuyanta, mai caji ya fito da gudu yana salati, yana tambayar wa wuta ta kama.

Da kunnena ya dawo aiki na ce a buɗe mini fulogin ɗina, wato ƙananan manhajojin da ake jonawa a babbar su ba da ganga da sarewa da goge. Duka nawa na tsarin VST ne, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da shi a 1996, kuma an gina su ne don Windows. Linux tana da nata tsarin, LV2, tana kuma karɓar VST idan don ita aka gina shi. Nawa kuwa sai an yi musu gada. Yaron ya buɗe wani baƙin allo ya shiga rubutu, kowane layi ya fara da sudo, ya ce yana sa Wine da yabridge ne, su za su ruɗi fulogin ɗin su ɗauka har yanzu suna gida. Ya ce masu kwafi na halal da yawa suna aiki da wannan gadar lafiya lau. Nawa na kasuwa dai suka ƙi hawa. Ɗaya ya buɗe ya nemi lambar rajista, abin da bai taɓa nema ba tun da muka san juna.

"To kalangun Hajiya fa, Injiniya?"

"Ƙera shi za mu yi, Kawu."

Ya jero mini sintesaiza na kyauta, injinan da ke ƙirƙirar sauti daga lissafi zalla. Akwai ZynAddSubFX, na wani ɗan Romaniya, Nasca Octavian Paul, tun 2002, sunan da har yau ban taɓa faɗarsa da numfashi ɗaya ba. Akwai Dexed, mai kwaikwayon Yamaha DX7 ta 1983. Akwai Surge, wanda da sayar da shi ake yi, sai mai shi, Claes Johanson, ya sake shi ga jama'a a 2018. Wallahi sautukansu ba na wasa ba ne. Akwai wanda idan ka danna sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Na bi jerin sunayen sautukan daga sama har ƙasa. Akwai ƙararrawar coci, akwai iskar sararin samaniya, akwai saukar jirgin aljanu. Babu kalangu, babu kotso, babu ko gangar noma.

Yaron ya ce ai abin lissafi ne. Kalangu fata ce da ake doka, sauti ya tashi da ƙarfi ya mutu da wuri, idan makaɗi ya matse tsirkiya a hammata fatar ta ɗaure muryar ta hau, idan ya saki ta sauka. Saboda haka ya ɗauko sautin da ya fi kowane santsi, ya gajarta masa rai, ya ɗaura hawa da saukarsa a kan ɗan gargaren da ke gefen hagu na fiyano. A takarda babu kuskure ko ɗaya. Na doka, na murza gargaren. Tela ya leƙo, ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba bayan ƙofa, ya ce, "Maƙwabci, talotalon na sayarwa ne?"

Muka rage nan, muka ƙara can, har dare ya raba. Talotalon ya ɗan yi ƙiba, amma bai zama kalangu ba. Na kawo shawarar mu ɗauko makaɗi na gaske mu ɗauki bugunsa, sai na tuna abin da ya rage na kafin alƙalami ba zai kai shi ko bakin titi ba. Muka tura talotalon can ƙasan kiɗa, muka rufe shi da tafi.

Ranar Laraba mawaƙi ya zo. Ya sa abin ji a kunne, ya ja baitin farko, ya tsaya. Ya sake ja, ya sake tsayawa, ya cire abin ya waiga.

"Oga, wa ka ɗauko ya yi mini amshi?"

Muryarsa ce ke dawo masa a makare. Kwamfuta ba ta ɗaukar sauti a zube. Tana yanka kowace daƙiƙa gutsure 48,000, tana kwasa da mudu, sai mudun ya cika take juyewa. Yaron ya ba ta mudu mai cin 2048 don tausayin tsufanta, wanda cikarsa kaɗai ke cin wajen kashi 43 cikin dubu na daƙiƙa, shiga da fita kuwa ninki biyu. Da ya mayar da shi 64 jinkirin ya ɓace, amma sai ta kasa juyewa a kan lokaci, sauti ya riƙa ɓarɓashi, wata lamba ja tana ƙirga abin da suke kira xrun. Muka daidaita a 256, aka fara aiki. Muna tsakiyar takarda ta biyu aka ɗauke wuta, kwamfutar ta koma kan batir ta rage gudu, jar lambar ta yi tsalle. Mawaƙi bai tsaya ba, mu ma ba mu tsayar da shi ba, don fanka ta mutu kuma kowa ya jiƙe.

Saura muryar fim. Abin da Hajiya ke nufi shi ne Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997, ƙirar Andy Hildebrand, injiniyan da ya fara da nazarin sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. A Linux akwai na kyauta da aka gina a kan aikin wani Fons Adriaensen. Yana aiki sarai, amma sai ka nuna masa waɗanne daga cikin muryoyi goma sha biyu na fiyano aka yarda mawaƙi ya taka. Yawancin waƙoƙinmu biyar suke hawa. Injiniya ya kashe sha ɗaya ya bar ɗaya. Mawaƙi ya saurari kansa yana jero dangin amarya a kan murya guda, ba hawa ba sauka, ya ce in dai haka za a fitar to a cire sunansa, yana da iyali. Wannan kam ni na gyara, da kunne, don a nan karatun jami'a ya ƙare nawa ya fara.

Daren Alhamis muka gama. Yaron ya fitar da waƙar ya zuba a filash, ya kama hanyar tasha da asuba, hutu ya ƙare.

Ranar Juma'a bayan la'asar waya ta yi ƙara. DJ ne, bayansa hayaniyar mata. Ya ce akwatinsa bai ga komai a filash ɗin ba. Ashe Injiniya, saboda aƙida, a tsarin Ogg ya fitar da ita, wai shi ne 'yantacce, alhali akwatin DJ bai san kowa ba sai MP3, kuma ita kanta MP3 ɗin tun 2017 aka daina karɓar kuɗin lasisinta. Na kira shi yana cikin mota, layi na yankewa, yana karanto mini abin da zan rubuta a baƙin allo harafi-harafi, ina jin kwandasta na cewa a matsa. Na juya waƙar, na hau adaidaita, na isa an riga an fesa wa amarya turare.

Aka saka. Mata suka taso, aka yi liƙi, da aka zo wurin talotalo wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Hajiya ta aiko mini da cikon kuɗi da kwanon alkaki.

Washegari da hantsi ina buɗe shago na tarar da wata dattijuwa zaune a kan bencin tela, da jaka a cinya. Gwaggon ango ce, tun daga Zariya. Ta ce ta saurari waƙar a wayar jikarta har sau uku. An kira kowa, har mai kitso, amma da aka zo kanta sai aka ce "Hajiya", aka yi ƙarar tsagewar ƙyalle, aka wuce. Daidai inda aka ɗauke wuta ke nan.

Na durƙusa na fara bayani. Na ambaci batir, na ambaci mudu, har na kai ga xrun.

Ta ce, "Ɗan nan, shi wannan Ekisiran ɗin daga dangin amarya yake ko?"

Na ce a'a, Gwaggo.

"To nawa uwar amarya ta ba shi?"