Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Gashin Kare

Ranka ya daɗe,

Matan gida da yaran shara na Jimeta da Yola ne suka haɗa baki suka aiko wannan takarda, domin haƙuri ya kusa ƙarewa. Da can Mai Girma a bakin ƙofa ya tsaya, inda aka ɗaure ubangidansa kare. Yau ga shi kan kujerun falo a Dougirei, ga shi jikin labule a Bekaji, ga shi manne da farar shaddar da Alhaji ya goge don Juma'a a Jambutu. An ma ce an tsince shi cikin miyar kuka, amma wannan an bar shi tsakanin mai girki da Allah.

A yi adalci dai. Karen gida, irin wanda mafarauta ke shiga daji da shi ko wanda ke bin shanu a ruga ƙetaren Binuwai, gashinsa gajere ne, kwance a jiki, zubarsa ba ta hana kowa barci. Rigima ta taso ne da aka fara yayin karen Jamus, wanda ake kira Alsheshan. A 1899 wani hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar wannan jinsi a Jamus, domin kiwon tumaki a ƙasar sanyi. Shi ya sa karen yake da riga biyu: doguwa mai kauri a sama, wata mai laushi kamar auduga a ƙasa. Wannan bawan Allah aka kwaso aka sauke a garin da zafi kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu. To ina zai kai rigar ciki in ba kan kafet ɗin Hajiya ba?

A Turai tsawon rana ne ke ba gashi umarni: rana ta yi tsawo ya zube, sanyi ya matso sabo ya fito. Yola kuwa digiri 9 ne kawai tsakaninta da layin tsakiyar duniya, dare da rana kusan kunnen doki suke duk shekara. Mai Girma ya rasa kalanda, sai zuba yake ba Lahadi ba Sallah. Hunturu ya iso da ƙurar Bodele ta Chadi, fata ta bushe, shi da ƙura su ƙulla ƙawance su dunƙule a ƙarƙashin gado.

An je wajen malamai neman mafita, ba a dawo da abin da ake so ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a nan tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kare mai rai ba najasa ba ne, balle gashinsa. Likitoci ma sun rage masa laifi: atishawar yara daga ɓarɓashin fata da yawun da ke manne da shi take fitowa, shi ɗan dako ne kawai.

Saboda haka ga abin da aka yanke. Kullum da yamma za a taje kare a tsakar gida, a tara Mai Girma a leda kafin iska ta ba shi hanya. Za a yayyafa ruwa kafin shara, a bi kujeru da jiƙaƙƙen tsumma. Na'urar zuƙe ƙura sai ranar da aka kawo wuta. Ba za a yi wa kare ƙwal-kwabo ba, don rigar nan ita ke tsare fatarsa daga rana. Ragowar tuwo kaɗai ba ta riƙe gashi, dole a ƙara masa nama ko kifi.

In kuwa aka ga Mai Girma yana tashi fili-fili, fata ta yi ja, kare na susa ba hutu, to magana ta bar hannun masu shara. Kaska ce, ko ƙuma, ko ƙazuwa, ko makero mai kama yara. Wannan sai likitan dabbobi. Baƙin man mota da wasu ke shafa wa kare guba ne, yana lasa ya shiga cikinsa.

An ba Mai Girma mako biyu ya tattara ya bar falo. In ya ƙi, Hajiya ta ce shi da ubangidansa da Alhajin da ya sayo su duk a gareji za su kwana.

Wassalam,
Masu tsintsiya na Jimeta da Yola