Wasiƙa Zuwa ga Giyar Kekena na Hawan Dutse

Zuwa ga mai alfarma, ma'abociyar faranti tara, Giyar Baya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, wadda ban tabbata kin cancanta ba, ina sanar da ke cewa yau da hantsi, a tsakiyar hawa kan hanyar Dutsen Shere, sa'ad da numfashi ya ƙare mini, na danna ina roƙonki faranti mafi girma domin in samu sassauci, sai kika zarce shi, kika cusa sarƙa cikin wayoyin ƙafar baya, kika zubar da ni gaban wasu mata masu ɗauke da itace, waɗanda suka ce mini "sannu, Malam" suna danne dariya.

Tun ina gaban malamina na san an yi ijma'i a kan haramcin giya domin tana gusar da hankali, amma ban san hukuncin ya haɗa da ke ba sai yau.

Wace hidima ce ban yi miki ba? Daren jiya na rataye keken a reshen darbejiya, na riƙe fitila da haƙori, na ɗaura ƙusar nan mai harafin L, wadda aikinta kaɗai shi ne ta yi miki haddi daga ɓangaren taya, na kuma daidaita 'yar'uwarta mai harafin H. Sa'an nan na bi marikin waya ina murɗawa rubu'i rubu'i, kamar mai auna zakka, har ƙarar ta ɗauke, kika hau kika sauka cikin ladabi. Ashe munafunci ne! A rataye ke waliyyiya ce, a kan tudu kuwa 'yar tawaye. Ƙurar hunturun da kike haɗiya, da man da kike shafa wa wandona, waɗannan na yafe.

Mai gyara ya dube ki daga baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce ƙarfen da kike rataye a kai ne ya lanƙwashe, wai don ina kwantar da keken ta dama. Ƙarfe ya lanƙwashe, ke ba ki da baki? Kullum ƙas-ƙas-ƙas a kan abin banza, ranar da ake bukatar shaida sai ki yi gum!

Ki sani Ralin mahaifina yana nan a zaure. Giyarsa ɗaya, kuma shekara arba'in bai taɓa kunyata shi gaban mata ba.

Wassalam,
Mai gwiwa a ɗaure