Jama'ar "Ni Yanzu Sha Kawai Nake Yi"

Tun da tumbi ya daina zama shaidar arziki a wasu gidajen, ya koma abin da likita ke ɗaure wa fuska, aka samu wata jama'a da ta yi wa tauna yaji. Ba tuwo, ba shinkafa, sai abin da ya bi ta kofi.

Mafi kwanciyar hankali a cikinsu shi ne Alhaji Mai Fura. A fahimtarsa duk abin da ludayi ya ɗebo ruwa ne, ruwa kuwa ba ya sa ƙiba. Da safe kunun gyaɗa da madara, da rana fura da nono mai kauri an zabga sukari, da la'asar kunun aya, bayan isha'i lemon kwalba biyu don sauran su sauka. Kwalba ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, ga shi abin sha ba ya riƙe ciki kamar abin da aka tauna. Bayan wata guda tela ya ƙara masa faɗin wando. Alhaji ya ce ma'aunin asibitin ne ya lalace.

Sai amarya, wadda aka yanka wa riga daidai jikin da take fatan samu. Saura sati uku biki ta koma ruwan ɗumi da lemon tsami da citta. Cikin kwana biyar kilo biyu suka tafi, ta sanar da duniya ta WhatsApp. Yawancin abin da ya tafi ruwa ne: jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram riƙe da ruwa wajen giram uku, kuma wannan ajiya ake fara cinyewa. Idan yunwar ta yi tsawo, tsoka ma tana bi. Ranar kamu jiri ya ɗebe ta, gwaggonni suka ce kambun baka ne. Wata biyu zuwa uku bayan nan gashinta ya fara zuba, kamar yadda yakan faru bayan ramar gaggawa. Wannan karon dangin miji aka zarga.

Akwai mai sha da rana, mai tsire da dare. Shi ba ya cutar kowa, mai nama ma addu'a yake masa.

Wadda nake tsoro ita ce Anti Mai Shayin Rage Tumbi. "'Yar'uwa, na ganye ne zalla, ba sinadari," in ji ta. Sau da yawa ganyen nan dangin filasko ne, wanda kakanninmu ke sha don wankin ciki, an dai sauya masa leda. Mai saye takan san kowane banɗaki tsakanin gidanta da wurin aiki, kitse kuma yana zaune inda yake. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, har da fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. A nan wasa yake ƙarewa. A 1976 wani likita a Amurka, Robert Linn, ya fitar da littafi yana tallar rayuwa a kan wani ruwan furotin kaɗai. Cikin shekara biyu aka danganta mutuwar gomman mutane da irin wannan tsari, da yawansu bugun zuciya ne ya rikice musu.

Kusa da Anti za ka ga Malam Masani, mai cewa ai Oprah, mai shirin talabijin ɗin nan ta Amurka, ita ma ta yi. Gaskiya ne, a 1988 ta janyo ƙaramin amalanke cike da kitse kilo 30 a gaban masu kallo, adadin da ta zubar da abin sha cikin wata huɗu. Malam ba ya kaiwa inda ƙibar ta dawo.

Na ƙarshe ba shi da daɗin labari, don likita ke riƙe da shi, a kan tsarin da bincike ya gwada. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga a mujallar Lancet a 2017, ya ɗora masu ciwon sukari a kan abin sha da aka auna furotin da bitamin ɗinsa, kalori wajen 850 a rana, na wata uku zuwa biyar. An gyara musu magani, an dawo musu da abinci sannu a hankali, kuma bayan shekara guda kashi 46 cikin ɗari ciwon ya lafa musu. Ko a hannun likita akwai haɗari: taurin bayan gida, jiri, da tsakuwar matsarmama, wadda saurin rama ke jawowa.

Maƙwabcin wannan na ƙarshen ya ji labarin ta katanga, ya ce shi ma zai yi, amma da zoɓo mara sukari, kuma bai daina shan maganin sukarinsa ba. Kwana biyu aka kwashe shi a ƙofar masallaci yana gumi yana karkarwa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai sauran ɗumamen safe.