Ƙofa Ga Ta Nan Kusa, Simran

A makon nan an hana ni kallon labarai a gidana. Ƙanwar mai ɗakina ta zo hutu, ta cafke rimot, ta sa mana Dilwale Dulhania Le Jayenge, fim ɗin da ya fito a 1995 tun ba a haife ta ba. Kafin in buɗe baki falo ya cika, har da maƙwabcina Alhaji, wanda ya shigo kiran iyalinsa ya ɓige da neman filo.

Kun san labarin. Raj, wato Sharu Khan, ya faɗi jarrabawar jami'a a Landan, ubansa ya yi murna ya bar shi ya tafi yawon Turai. Faɗuwa fa! Simran kuwa, wato Kajol, tun tana ƙarama aka ba da ita ga ɗan aminin babanta a Punjab, sai ta roƙi wata guda ta sha iska da ƙawaye. Jirgin ƙasa ya tafi ya bar su a Siwizalan, shi ke nan magana ta lalace.

Duk wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne ƙofar jirgi. A ƙarshen fim jirgi ya fara tafiya, Raj na tsaye a bakin ƙofa ya miƙo hannu, Simran na gudu cikin kayan amare masu nauyi. Ga ƙofa a buɗe kusa da ita. Yarinya, shiga mana! Jirgi ɗaya ne, inda zai kai Raj nan zai kai ki. In babu hanya ta ciki, ku gaisa a tasha ta gaba. A'a, sai dai ƙofar da ke da hannu. Shi ma gogan, jiragen Indiya suna da sarƙar da ake ja su tsaya, amma ya fi son ya tsaya yana murmushi da jini a baki. Wani gidan silima a Mumbai, Maratha Mandir, yana haska fim ɗin tun shekarar da ya fito har yau. Wato kusan kullum baiwar Allahn nan sai ta wuce wannan ƙofar da gudu, shekara talatin, kuma ba a samu fasinja ɗaya da ya leƙo ya ce mata ga wuri nan ba.

To a nan ne na ji Alhaji yana jan hanci. Baban Simran, wato Amrish Puri, Mugambo ɗinmu, ya riƙe hannun 'yarsa gam, Alhaji kuma yana yi wa talabijin tsawa: "Sake ta mana, bawan Allah, ba ka ga ba ta son wancan ba?" Alhajin nan bara ya cire 'yarsa daga sakandare ya ba ɗan abokin kasuwancinsa. Bai tambaye ta ba. Da uwar ta yi magana ya ce su zaɓa tsakaninsa da boko. Ko bikin ƙawa yarinyar ba ta zuwa sai da rakiyar ƙane. Yanzu shi ne lauyan Simran, har da goge ido da bakin babbar riga.

Mutanen Siwizalan dai sun san inda riba take. A 2016 suka kafa mutum-mutumin Yash Chopra, wanda ya ɗauki nauyin fim ɗin, a garin Interlaken, saboda Indiyawan da finafinansa suka kwaso musu. Ni kuma tambayata, a duk finafinan hutun nan wa kuka taɓa gani a layin biza? Wa aka ce ya kawo takardar banki ta wata shida? Jarumi bai da aiki, bai da albashi, ya rataya 'yar garayarsa ya ƙetare ƙasa huɗu. Kai je ka ofishin jakadanci ka ce za ka je neman wadda jirgi zai tafi ya bar ku tare, ka ga irin hatimin da za a buga maka a fasfo.