Mu da Asusun HSA a Lokacin Haraji

Mu Hausawan Amurka, da zarar Fabrairu ta kama, hirarmu ta koma ta haraji. A ƙofar masallaci bayan Juma'a a Bronx, ko a gidan suna a Houston, abin da za ka ji ke nan: "Alhaji, ka cike naka kuwa?" "Hajiya, nawa za su mayar miki bana?" Da yawa daga cikinmu mun daina kai takardu ofis. Mukan zauna gaban kwamfuta mu buɗe manhajar TurboTax ko FreeTaxUSA, ko mu kira ɗan da ya fi kowa iya latse-latse a gidan, mu ce ya taimaka.

Komai yakan tafi sumul har a iso kan HSA, wato asusun ajiyar kuɗin magani da aka fara a 2004. Wanda ke da damar buɗe shi shi ne mai irin inshorar nan da sai ka biya kaso mai tsoka daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu. Kuɗin da ka zuba ba a cire musu haraji, in ka kashe su a asibiti ma haka. Alheri ne babba, shi ya sa nake jin zafi in na ga muna ɓata shi da gaggawa.

Ga inda muke tuntuɓe. Ɗauko takardar W-2 da wurin aikinka ya ba ka, ka duba akwati na 12. In ka ga harafin W da adadi a gefensa, wannan adadin ya haɗa abu biyu: abin da kamfani ya zuba maka da abin da aka riƙa yanka daga albashinka. A ce kamfani ya sa dala 600, kai kuma ana cire maka 200 duk wata, W zai nuna 3,000. Sai manhaja ta tambaya ko ka zuba wani abu da kanka. Mu kuwa sai mu ce, "Ai guminmu ne, daga albashinmu aka cira," mu rubuta 2,400. Shi ke nan, an ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu. Jimilla ta zama 5,400, alhali iyakar mutum ɗaya a 2025 dala 4,300 ce, ta iyali 8,550. Nan take manhaja ta ce ka wuce iyaka, ta ɗora tarar kashi 6 cikin ɗari a kan rarar da ba ka taɓa zubawa ba. In kuma inshorar iyali gare ka, ba za ta yi ƙara ba, amma ka karɓi rangwamen da ba naka ba, kuma hukumar haraji ta IRS na iya dawowa ta nema.

A fom na 8889, wato fom ɗin HSA, adadin W a layi na 9 yake zama. Layi na 2 na kuɗin da ka tura da hannunka ne kawai, daga bankinka kai tsaye. In ba ka tura ba, ka bar shi fanko.

Wani abin da ke tayar mana da hankali shi ne ganin kuɗin da za a mayar sun ragu da zarar an shigar da W-2. Yaya, kwantar da hankalinka. Ci gaba har sashen HSA, ka amsa watannin da kake da wannan inshorar, lissafi zai daidaita. Mata da miji kuma ku tuna iyakar iyali ɗaya ce kuke rabawa, ba kowa da tasa 8,550 ba. Wanda ya kai shekara 55 yana da ƙarin 1,000, amma a asusun kansa.

Sai maganar gida, wadda ta fi taɓa mu. An kira daga Kano ko Zinder an ce Inna tana kwance, hannu ya tafi kan katin HSA. Niyya ce mai kyau, amma doka ta taƙaita kuɗin ga kai, da matarka ko mijinki, da waɗanda ke ƙarƙashinka a lissafin haraji, kuma iyayen da ke zaune a gida galibi ba sa shiga. Abin da aka cira zai fito a takardar 1099-SA, a biya masa haraji, da tarar kashi 20 cikin ɗari ga wanda bai kai 65 ba. Gara a tura wa Inna daga asusun yau da kullum, kuɗin su isa gare ta ba tare da an yanke wani abu a baya ba.

Mazauna California da New Jersey su lura, jihohinsu ba sa ba da rangwamen haraji a kan HSA. Wanda kuma ya wuce iyaka da gaske, ya kira masu riƙe asusun kafin 15 ga Afrilu su fitar masa da rarar. Wanda ya riga ya aika da kuskure, fom na 1040-X na nan don gyara. Matambayi ba ya ɓata, don haka mu riƙa tambayar juna a kan akwati na 12 kamar yadda muke tambayar nawa aka mayar.